Shafin da bai buɗe wa Yaya Bello ba

Ƙarfe biyu da rabi na rana injin ruwan ƙauyenmu ya tsaya, kuma daga nan komai ya fara lalacewa. Daminar bana shekara shida ke nan da rasuwar yayana Bello. A gida har yanzu ba a son a ta da zancen, shi ya sa na kawo shi nan, ko ɗaliban injiniya irina za su karanta.

Kogi ya cika a waccan daminar da injin ya tsaya, ruwan jawur da laka. Da famfo ya ƙafe, matanmu suka koma ga abin da suka gada, kamar yadda ake yi daga nan har Mai Wurno: a ɗebo na kogi, a daka 'ya'yan zogale, a ƙulla garin a tsumma, a kaɗa cikin randa. Kafin magariba laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. A wurinmu ruwan da ya yi garau shi ne mai tsabta. Ba mu taɓa raba biyun ba.

Yaya Bello yana shekarar ƙarshe a karatun injiniya a Wad Madani, ya zo hutu, kuma binciken kammalawarsa a kan zogalen nan ne. Inna ta tsaya a kansa da moɗa a hannu, ta kira shi da laƙabin Larabcin da ake ba babban injiniya.

"Kai bashmuhandis, a sha ko kar a sha?"

"Inna, a tafasa tukuna, sai na tabbatar."

"Da wane gawayi? Kakarka wanga ruwa ta sha har haƙoranta sunka zube. Mi kake tabbatarwa?"

Ya hau kan soro, inda waya take ɗan kamawa. Ya samo mujallun masana ruwa, amma kowacce take da taƙaitaccen bayani kawai take nunawa, sauran sai an biya da katin banki irin wanda ba ya aiki daga ƙasarmu. Bayanin ya ce zogale yana rage ƙwayoyin cuta. Abin da ya saura a ruwan, da ko ana iya shan sa, yana can ciki a kulle.

Wanda ya buɗe kyauta wani shafi ne da Larabci, ba sunan marubuci, ba shekara, yana cewa zogale yana kashe kowace cuta. Wani ya tura shi zauren hirar da 'yan ƙauye suke yi ta waya. Da yake kowa ya san aikin da Bello yake yi, kafin ya zagaya ya zama "bashmuhandis ya ce". Ya bi gida-gida yana musantawa. Sai a ce masa, "To nuna muna naka." Ba shi da komai sai rabin magana. Da amai da gudawa suka shigo, shi ya dinga kai mutane asibiti a Sinnar, har ciwon ya kama shi.

Yanzu ni ma injiniyar muhalli nake karanta. Yaƙi ya watsa ajujuwanmu, rabin karatun a waya muke yin sa. Kafin ka gama rubuta wa manhaja tambaya amsa ta fito, sumul, ba ta shakka, ba ta da suna. Na san abin da Yaya zai yi da ita. Zai tambayi wanda ya rubuta, da irin ruwan da aka gwada, na rijiya ne ko na kogi mai laka irin namu. In ba a faɗa ba, sai ya rufe. Wannan ɗabi'ar ce kaɗai na gada daga gare shi. A ƙauye kuwa abin da ya wanzu daban ne: akwai uwar da ta rasa ɗa a annobar, har yau tana kau da kai in ta ga Inna a gidan biki, don a wurinta bashmuhandis ne ya ce a sha.

Amsar da ya nema gajeriya ce. Zogale yana kwantar da laka, yana rage ƙwayoyin cuta, ba ya ƙarar da su. Sai an tafasa, ko an sa kulorin. Na karanta ta gaba ɗaya tun kafin yaƙi, a jami'ar da ya yi. Ni mai jin nauyin mutane ce, na daɗe ina wuce teburin mai kula da ɗakin karatu ban iya yi mata magana ba. Ran da na daure, na nuna mata sunayen mujallun, na tambaye ta yadda ɗalibi zai biya. Ta gyara tabarau, ta danna wasu haruffa, shafukan suka buɗe.

"Biya kuma? 'Yata, akwai ƙofar da aka buɗe wa jami'o'in ƙasashe irin tamu, kyauta. Kalmar shiga tana nan wurina shekara da shekaru. Ko ta waya zan iya karanto wa ɗalibi. Ba a dai zuwa tambaya ne."