Ƙawar 'Yata ta Farko a Barking

Shekarar da muguwar murar nan mai zazzaɓi ta shiga London, a ƙarshen shekarun tamanin, 'yata tana da shekara biyu da rabi, kuma ita kaɗai Allah ya ba mu. Muna zaune a Barking, a irin gidajen nan masu jere da bango ɗaya ya haɗa, kowanne da ɗan fili a baya. Maigidana kan fita da sassafe ya hau jirgin ƙasa na District line, ba ya dawowa sai bayan magariba.

Tun haihuwa ƙirjin yarinyar ba shi da ƙarfi. Da aka fara cewa asibitoci sun cika, likita ta ce in daina kai ta cikin yara har sai ciwon ya lafa. Playgroup, wurin wasan yara da nake kai ta sau biyu a mako, a zauren wani coci, shi ma ba a daɗe ba aka rufe shi, don masu kula da yaran duk sun kwanta.

Mako uku muka yi a kulle. Na yi mata waƙa, na yi rarrafe da ita a ƙasa har gwiwoyina suka yi ciwo, amma ni ba yarinya ba ce, kuma ta san haka. Ta rage surutu. Sai ta hau kujera ta manna goshi da gilashin taga, in ta ga an wuce da yaro a keken turawa ta buga gilashin, in sun ɓace ta sauko ta zauna. Ni da na tashi a Zariya cikin gidan da ba a iya ƙirga yaransa, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Wata rana ina shanya a baya, na ji ta tana dariya. Na juya na gan ta tsugune a gindin shingen katako, inda wani katako ya cire. Ta ɗaya gefen wani ɗan hannu ne ke miƙo mata murfin tukunya.

Maƙwabciyar tamu 'yar Zangon Kumasi ce, ta girme ni da kamar shekara goma. Gaisuwa kawai ke haɗa mu a da. Tana ɗinki a gida, mijinta direban tasi ne, manyan 'ya'yanta suna Ghana, sai autarta, sa'ar tawa. Ta leƙo ta saman shingen ta ce, "Ƙanwana, me ya sa ba ka kawo yaron ya yi wasa?" Haka Hausarsu take, mace da namiji duk "ka" ne da "ya". Na gaya mata abin da likita ta ce.

Sai ta ce autarta ta yi murar ta warke tun kwana goma da suka wuce. "In ka yarda, ni ma zan rufe nawa. Ba kasuwa, ba gidan kowa. Su biyu kawai."

Na ce, "Yaya, wannan ai nauyi ne."

Ta ce, "Nauyin me? Shi ma ya ishe ni da kuka."

Da maigida ya dawo muka yi shawara, washegari na buga wa likita waya. Ta ce babu tabbas ɗari bisa ɗari, amma in da gaske gidajen biyu za su kiyaye, za mu iya gwadawa.

Ranar farko da suka haɗu a falona, ba su yi wasa ba. Faɗa suka yi a kan cokalin katako, tawa ta ciji tata a hannu. Na ji kunya kamar in nutse. Yaya kuwa dariya ta yi, ta ce ai yanzu aka fara zumunci. Kafin mako ya zagayo, kullum ƙarfe goma tawa tana bakin ƙofa da takalmi a juye tana jira. Suna dafa abincin ƙarya da busasshen wake, suna goya tawul a baya. Bakinta ya buɗe, sai dai da Hausar Zango ya buɗe. Ranar da ta ce wa babanta, "Mama ya tafi bayi," sai da ya ajiye kofin shayinsa don dariya.

Daga baya na gane abin da alkawarin ya ci mata. An yi sunan jikar yayarta a Woolwich, ita ta ɗinka wa rabin matan kaya, amma ba ta je ba. A bakin wata mai karɓar ɗinki na ji, ita ba ta taɓa faɗa mini ba. Masu kawo ɗinki ma a bakin ƙofa take tsayar da su cikin sanyi, ta karɓi yadi ta rufe.

Sai wata safiya aka ƙwanƙwasa, na buɗe na ga Yaya ita kaɗai, ta ja baya har bakin titi. Ta ce mijinta ya dawo da zazzaɓi, kada mu matso su. Na tsorata, don jiya yaran sun sha ruwa a kofi ɗaya. Kwana huɗu ina taɓa goshin 'yata kamar mai taɓa tukunya a wuta. Allah ya tsare, ko atishawa ba ta yi ba. Mijin ya sha jiki sosai, amma ya tashi. A kwanakin nan kullum nakan yi farfesu mai yaji in ajiye musu a dokin ƙofa, ita kuma ta ɗaga autarta a tagar sama, ni in fito da tawa filin baya, su yi ta yi wa juna gwalo.

Da sanyi ya fara sauƙi aka buɗe playgroup. Tare muka kai su. Tawa ta shiga riƙe da hannun ƙawarta, ko waiwayo na ba ta yi ba. Muka tsaya a waje, na fara yi wa Yaya godiya, kuka ya ƙwace mini. Ta gyara mini mayafi ta ce in bari, mutane na kallo, mu je mu sha shayi kafin a tashe su.

Bayan shekara biyu ƙaramar hukuma ta ba su gida a Stratford. Muka riƙa ziyara a bas, duk sallah kuma ita ke ɗinka wa yaran kaya iri ɗaya, har suka girma suka ce sun gaji da anko. Da ƙafa ta fara damun ta, ta koma Kumasi wajen manyan 'ya'yanta. Har yau in na idar da salla, bayan iyayena ita nake fara sakawa a addu'a.