Amsar da Ba Ta Samu Mai Karɓa Ba

A garinmu ba a amsa wa baƙo magana mai nauyi a ranar da ya kawo ta. Ko aron gona ya zo nema, ko sulhu, sai a shimfiɗa masa tabarma, a dama masa fura, a saurare shi har ya gaji don kansa, sannan a ce an ji, ya tafi za a neme shi. Sai ya ba da baya ake zama. Wanda ya yanke magana nan take a gaban baƙo, ana ɗaukarsa marar kunya ko marar manya. Da wannan tarbiyya na tashi a Bauranya, kuma har yau ban ce mummuna ba ce. Amma ta taɓa cin mu, ci kuwa ba na wasa ba.

Lokacin soja ke mulki, kuɗin mai ya fara zuwa har ƙauye. Ni kuma sabon malamin firamare ne, cikin waɗanda aka ɗiba da gaggawa sa'ad da aka ce kowane yaro sai ya shiga boko. Ina da keke, ina da rediyo, don haka nake ganin kaina wani abu. Rediyon nan kullum zancensa ɗaya: soja za su koma bariki, an rubuta sabon tsarin mulki, ana so kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Masu ilimi suna ta kai ruwa rana a Kaduna da Legas kan irin ikon da za a ba shugaba da batun kotuna. Mu a gindin tsamiyar ƙofar masallaci abin da ya tsaya mana a rai daban ne. An fara raɗe-raɗin cewa ƙasa duka za ta koma hannun gwamnati, kuma filin da ba a nomawa za a ɗauke shi kamar ba shi da mai shi.

Gonaki ba su ba mu tsoro ba, kowa ya san iyakarsa. Hurumi ne abin jin. Wani daji ne tsakaninmu da ƙauyen Boko wanda tun kakanni aka hana sa masa fartanya, aka bar shi don dabbobi, da tafki a tsakiyarsa da burtalin da shanu ke bi su shiga. A bakinsa rugar Fulani take, shugabansu kuwa aminin mahaifina ne. Baffa nake ce masa, kuma na yi wayo sosai kafin in gane ba jini ya haɗa mu ba. Da an kwashe amfanin gona yakan kawo shanunsa su kwana a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Mahaifiyata ta auna wa matarsa gero, ita kuma ta cika mana ƙwarya da nono. In hurumi ya tafi, Baffa ba shi da wurin zama.

Wata rana da hantsi mota ta tsaya a ƙofar dagaci, mutum uku suka fito. Ɗaya daga Kankia yake, shi ne tafinta. Aka tara gari, suka yi bayani mai tsawo, suka ce sun zo jin ra'ayin talakawa ne, duk mai magana ya faɗa a rubuta. Ɗayansu ya buɗe alƙalami yana jira. Kowa cikinsa cike yake da zancen hurumi, amma wa zai tsallake manya ya yi magana a gaban baƙi, alhali ba a zauna ba, ba a kuma kira mutanen ruga ba?

Dagaci ya gyara zama ya ce, "Mun ji, mun gode ƙwarai. Za mu zamna da dattijai, amsa ta iske ku."

Aka kawo fura suka sha, aka sa masu zabbi a bayan mota, suka wuce ƙauye na gaba. Mu duka muka watse muna ganin mun fita kunyar baƙi. Ni ma da bokon nawa ban ga abin da ya ɓace ba.

Sannan aka zauna, zama na gaske. Kullum bayan la'asar ake taruwa. Aka kira Baffa da mutanensa, aka aika Boko su ma suka turo nasu. Tsofaffin mata ba sa zuwa gindin tsamiya, amma an bi su gida an ji ta bakinsu, domin su ke shiga hurumin neman itace da ganyen miya. Ba a rasa rigima ba. Akwai wani maƙwabcinmu da shanu suka taɓa cinye masa wake, ya rantse gara a raba dajin kowa ya nome rabonsa. Aka yi ta lallashinsa, Baffa ya sake ba shi haƙuri a gaban jama'a, har ya sauko. Ba a ƙirga hannu ba, ba a danne kowa ba, an dai yi ta magana har bakin ya zo ɗaya. In ba wannan ce dimokuraɗiyyar da rediyo ke yabo ba, to ni ban san ta ba.

Sai dai abin ya ja lokaci. Ruwa ya sauka aka tafi shuka, aka shiga noma, wani dattijo ya rasu aka ce ba ya kyautuwa a yanke magana ana zaman makoki. Da aka gama, amsar gajera ce: a bar hurumi da burtali yadda suke, kada wani mai iko ya ba da su ga kowa sai manoma da makiyaya sun yarda tare.

Irin wannan amsa ba a aika ta a takarda. Manya ke kai ta da bakinsu, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Aka zaɓi mahaifina da Baffa, aka ce in bi su ko za a buƙaci Turanci. Gari ya haɗa aka sayi rago. Muka hau a-kori-kura zuwa Kankia, tsofaffin nan biyu sun sha manyan riguna, ni ina riƙe da igiya.

A ofis muka iske tafintan nan. Mutumin kirki ne, ya tashi ya gaishe su, ya ba su kujeru. Mahaifina ya fara da gaisuwa da godiya, ya jero amsar gari tsaf yadda aka ɗora masa. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya sunkuyar da kai.

"Baba, ai an rufe jin ra'ayi tuni," in ji shi. "Kansiloli sun zaɓi wakili, yana Legas ana can ana zama."

"To mu mi anka ce mun ce?" mahaifina ya tambaya.

"An rubuta Bauranya ba su da ƙorafi."

Baffa ya dube ni kamar ni zan gyara zancen. Ya ce, "Ɗana, hwaɗa mashi ba mu ƙi magana ba. Cewa munka yi mu zamna tukuna. Yanzu ga amsa mun kawo, wa za shi amsa?"

Ba sai na fassara ba, mutumin ya ji da kunnensa. Ya ce shi dai bai san wanda zai karɓa ba, waɗanda suka zo tare da shi ma sun koma inda suka fito. Na tambaye shi ko in rubuta a aika Legas. Ya ce in rubuta mana, amma kada ya yaudare ni, bai san hannun da za ta faɗa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan yi wa faɗa. Ba wanda ya zage mu, ba wanda ya kore mu. Ragon ma ya ce ba zai iya karɓa ba, tunda bai yi mana komai ba. Haka muka koma gida da shi, duk wanda ya hango mu da igiya a hannu ya san yadda aka yi.

Daga baya na ji a rediyo cewa dokar mallakar filayen ma ba wakilai suka yanke ta ba, soja ne suka cusa ta cikin tsarin mulkin bayan an tashi daga zaman Legas. Na gaya wa mahaifina don ya daina zargin kansa, na ce ko da mun amsa a ranar ba abin da zai canja. Ya ce wannan ai ya fi muni, ya juya ya ci gaba da saƙar zanansa.

Zaɓe ya zo muka jefa ƙuri'a, har mahaifiyata ta shiga layi tana ta murna. Ba a daɗe ba motar noma ta shiga hurumi. Wani ɗan kwangila ne daga birni, da takardarsa mai hatimi, ya ce zai buɗe babbar gona. Aka kafa turaku aka ja waya, har tafkin ya faɗa ciki. Dattawa suka je wurin wanda muka zaɓa, ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ce abin yana cikin tsarin mulki, taɓa shi sai an haɗa kan ƙasa baki ɗaya.

Baffa ya daure rani guda. Shanu suka rame, yaransa suna kai su ruwa nesa, da damina kuma ba hanyar da za su bi ba su taka shukar wani ba. Mutanen da suka zauna tabarma ɗaya da shi suka fara kai ƙararsa. Da kaka ta wuce ya ce zai yi kudu.

Da safe ya zo sallama, an riga an ɗaure kaya a kan shanu. Suka zauna a zaure da mahaifina, suka yafi juna. Ina tsaye a bakin ƙofa, na kasa zama. Da ya miƙe zai fita sai ya tsaya, ya riƙe hannun mahaifina.

"Abu guda nika roƙo," in ji shi. "Kushewar tsohona da ta tsohuwata suna nan cikin waya, gabas ga tabki. In ruwa ya zabtare su, ka sa a ƙara masu ƙasa."

Mahaifina ya ce, "To, in Allah ya so."

Baffa ya yi godiya ya tafi. Su biyun duk sun san akwai mai gadi a ƙofar wayar, kuma ba ya barin ɗan garinmu ya shiga.