Makon da Aka Ce Kawu Infoma Ne

Maigidana yana da shagon ɗaukar hoto a kan hanyar shiga kasuwar Zuru, ni kuma ina koyarwa a wata makarantar sakandare. Da damina bukukuwa kan yi ƙaranci, kowa yana gona, sai kyamararsa ta yi ta kwana cikin jaka. A irin wannan zaman ne na ce masa mu yi fim mai dogon zango mu riƙa ɗorawa a intanet. Ya ɗauka wasa nake yi, har sai da ya ga na fara raba wa mutane rawar da za su taka.

Labarin na wata jami'ar leƙen asiri ce da aka turo gari, ta ɓad da kama tana sayar da masa a tasha, tana neman wanda ke kai wa 'yan bindiga rahoto. Ƙanwata ce jami'ar. Bindigarta ta katako ce, wani kafinta a layinmu ya sassaƙa, muka shafe ta da baƙin man takalmi. Ranar Asabar muke ɗauka, maigida ya tace a shago tsakanin masu zuwa hoton fasfo.

Kashi uku na farko ba su tara jama'a ba, amma waɗanda suka kalla ba su raga mana ba. Wani ya rubuta cewa zakaran da ke cara a bayan fage ya fi jami'ar murya. Wani ya ce ya gane babur ɗin shugaban miyagu, na mai kai masa itace ne. Wani daga can gabas ya tambaya wace irin Hausa ce wannan da ake ce wa mace "ya zo". Ƙanwata ta ji zafin wannan, ta wuni ba ta kula kowa ba. Ni dai na raba maganganun gida biyu, abin da za mu iya gyarawa da abin da ba za mu taɓa ba. Muka nemi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, muka daina ɗauka kusa da akurki. Hausar kuwa muka bar ta yadda muke yin ta a gida.

A kashi na huɗu ne ya kamata a ga fuskar mai kai rahoton. Na daɗe ina neman wanda zai yi, sai na tuna da Kawu, ƙanen mahaifiyata. Tsohon soja ne, ya yi ritaya ya koma Dabai yana noma, kuma shi ne ke fitowa a mugun sarki duk shekara a wasan Kirsimeti na cocinsu. Ban gama yi masa bayani ba ya ce a gaya masa ranar kawai.

A bayan rumbunsa muka ɗauka. Ya sa tsohuwar rigar gona, ya waiga hagu da dama, ya kara waya a kunne, ya rage murya ya ce sojoji sun tashi, hanyar tsauni babu kowa, su taho. Ya yi shi da kyau har ni da na rubuta maganar na kusa ɗauka da gaske yake.

Ranar Juma'a muka ɗora. Zuwa Lahadi ana ta yabon tsohon, ana cewa ya fi kowa iyawa. Amma da safiyar Litinin, ina duba waya kafin a buga ƙararrawa, sai na ga maganganun sun sauya kama. Mutanen da ban taɓa ganin sunansu ba sun cika wurin. Wannan na tambayar wane ƙauye ne, wancan na cewa ya san fuskar nan, wani ya rubuta a nemo shi kawai. Ban gane ba sai lokacin tara, da wata abokiyar aikina ta jawo ni gefe a ofishin malamai ta miƙo mini wayarta. Wani ne ya yanko daidai inda Kawu ke waya, ya cire kiɗan da sunan shirin, ya rubuta a sama cewa ga wani infoma an ɗauke shi a ɓoye a ƙasar Zuru. A zauren waya na unguwarsu ta gani, kuma an riga an tura shi wurare da yawa.

Wanda bai zauna a yankinmu a waɗannan shekarun ba, ba lallai ya san nauyin kalmar nan ba. Kusan kowane gida akwai baƙin da suka baro ƙauyensu da kayan jikinsu kawai. Mutane sun gaji, zukata sun yi zafi, kuma in aka liƙa wa mutum wannan suna ba kowa ke tsayawa bincike ba.

Na nemi izini na fita. Na tarar da maigida a shago, shi ma ya gani, ya buɗe shafin yana shirin goge komai, tun daga kashi na farko. Na roƙe shi ya dakata har in ji daga bakin Kawu, tun da fuskarsa ce ke yawo. Na tari ɗan acaɓa muka kama hanyar Dabai.

Kawu yana gona. Matarsa, wadda muke kira Mama, ita na samu a tsakar gida tana sussukar wake, kuma ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Ta ce tun safe wasu samari baƙi suka tsaya da babur a bakin hanya suna nuna gidan. Ta ce mai shagon da suke sayen taki ya ga Kawu tafe ya shige ciki. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai tambaye ni ko a makaranta aka koya mini in sa dattijo a bakin duniya.

Da Kawu ya dawo ya wanke ƙafa ya zauna, na ba shi wayar. Ya kalla har ƙarshe, ya sake kallo.

"Ashe na iya," in ji shi. Bai yi dariya ba.

Na ce masa maigida na son a goge shirin gaba ɗaya, ni kuma duk abin da ya ce shi za a yi.

"Ɗiyata, in kun goge, mi zan nuna ma wanda ya tare ni a hanya? Guntun na hannunsu, ba ya goguwa. Cikakken shi ne shaidata. Ku bar shi nan."

Daga nan muka tafi wurin mai unguwa, da shi da faston cocinsu da ni. Aka aika aka kira shugaban 'yan sintirin unguwar. A ƙarƙashin bishiyar mangwaro na kunna musu kashi na huɗu daga farko, suka haɗa kai a kan ƙaramar waya. Shugaban 'yan sintirin ya ce shi ya san Kawu tun yana yaro, bai taɓa zarginsa ba, amma ba shi ke da iko da mutanen wasu ƙauyuka ba. Ya ce Kawu ya bar zuwa gonarsa ta nesa na ɗan lokaci. Lokacin noma na biyu ne, ciyawa na cin dawa. Na ga yadda maganar ta yi wa Kawu ciwo fiye da zargin kansa, amma ya amsa.

Na koma gida da niyya guda: duk inda guntun nan ya shiga, sai cikakken ya bi shi. Maigida bai zubar da ragowar abin da muka ɗauka ba. Akwai inda Kawu ya manta magana ya fashe da dariya, akwai inda akuya ta ratsa tsakaninsa da kyamara, ana jin muryata ina cewa "A sake, Kawu," ga ƙanwata can gefe riƙe da lema da bindigar katako. Muka harhaɗa su, muka koma Dabai washegari muka ɗauki Kawu zaune a ƙofar gidansa yana faɗin ko shi wane ne da abin da ya faru, da Hausa sannan da C'lela, yaren mutanen ƙasar Zuru.

Sai aka shiga tura shi. Matan zumuntar cocinmu suka tura wa danginsu na ƙauyuka. Malaman makarantarmu Musulmi suka sa a zaurukan waya na masallatansu. Wani ɗan kasuwa Ibo mai sayar da kayan babur kusa da shagon maigida ya riƙa nuna wa duk ɗan acaɓan da ya tsaya sayen abu. Ni kuma na zauna da maganganun da ke ƙarƙashin shirin, ina amsa su ɗaya bayan ɗaya, da tara da bayan tashi daga makaranta. Wasu suka ba da haƙuri suka goge abin da suka rubuta. Wasu suka zage ni. Wani ya ce ko da fim ne, a ina tsohon ya koyi yin waya haka. Na amsa masa shi ma, ban bar kowa ba. Wanda ya fara yanko guntun kuwa har yau ba mu san shi ba.

Ranar kasuwa muka roƙi mai gidan kallon ƙwallo ya ba mu wurinsa da rana. Aka tada janareto, aka kunna shirin tun daga farko. Kawu ya sa kaftaninsa na zuwa coci ya zauna a bencin gaba. Da aka zo wurin rumbu ɗakin ya yi tsit, wani ya ja tsaki, sannan kawuna suka fara juyowa suna duban mutumin da ke zaune a gabansu. Kawu ya miƙe ya juyo ya gaishe su. Dariya ta ɓarke daga baya ta bi ɗakin. Da aka tashi mutane suka yi ta ba shi hannu, har da waɗanda na tabbata sun tura guntun.

Cikin wannan makon ne wata mata ta yi rubutu mai tsawo a ƙarƙashin kashi na huɗu. Babu zagi a ciki. Ta ce ta kalli shirin duka, ta san wasa ne. Ta ce yayanta mai injin niƙa ne a ƙauyensu, wani da suka yi saɓani ya ce shi ke niƙa wa 'yan bindiga hatsi, aka zo aka tafi da shi, bai dawo ba, kuma babu wanda ya taɓa kawo shaida. Ta ce Kawu ya yi sa'a yana da masu kyamara a bayansa. Ta tambaya ko mun san abin da muke wasa da shi.

Na sake karanta maganarta daga farko. Na kwana da ita, sannan na rubuta mata cewa ina son mu yi magana. Ta kira ni da yamma. Tana zaune a Mahuta wurin dangin mijinta, tana sayar da daddawa. Mun daɗe a waya, yawanci ita ke magana. Na tambaye ta ko so take mu daina.

"Ban ce ku daina ba, Malama. Kun nuna mai laifi. In za ku ci gaba, ku nuna wanda aka yi ma ƙarya."

Maigida ya so mu karkata zuwa barkwanci, abin da ba zai jawo wa kowa tashin hankali ba. Na ce masa na ji, amma labarin nan sai na kai shi ƙarshe, kuma ta hanyar da matar ta faɗa. Na zauna na sake rubuta sauran. Jami'ar ta kama mai kai rahoton da shaida a hannu ta miƙa shi ga hukuma, babu wanda ya taɓa shi. Kafin nan kuwa gari ya riga ya taso wa wani mai niƙa da bai san komai ba, kuma aikinta ya koma ceto shi.

Mama ta ce Kawu ya gama fim. Ya roƙe ta fitowa ɗaya tak, ta inda za a kama shi, don kada labarin ya tsaya da shi a bayan rumbu, ta yarda da sharaɗin tana wurin. Ta zo ta zauna a kan turmi har muka gama. A lokacin ya riga ya koma gonarsa ta nesa, ko da yake dawar wajen ba ta yi kyau ba a shekarar.

Matsalar ta zama samun wanda zai fito a mai niƙa. Duk namijin da na tuntuɓa sai ya ce a kai kasuwa, kowa ya ga abin da ya sami Kawu. Na bi malamai, na bi 'yan ƙungiyar mawaƙan coci, har kafintan da ya sassaƙa bindiga na tambaya. Asabar ta matso ba ni da kowa. Ranar Alhamis ina shago ina lissafa wa maigida waɗanda suka ƙi, sai ya ciro kyamara daga jaka ya ɗora mini a hannu. Ya ce shi zai yi mai niƙan, amma dole wani ya ɗauka.

Ban taɓa riƙe ta da niyyar aiki ba. Ya nuna mini inda zan danna, ya ce in manna gwiwar hannu a haƙarƙari in riƙe numfashi in ana magana. Muka ari injin niƙa na wata maƙwabciya, ya shafa gari a gashi da gira. Hadari na haɗuwa ta wajen tsauni, ƙanwata na cewa mu yi sauri. Muka gama ana fara yayyafi.

Da muka ɗora, masu kallo suka ce hoton ya karkace, kuma gaskiyarsu ne, rabin kan mai niƙa ya fita a wani wuri. Wasu suka ce kashin ya yi sanyi, babu harbi. Matar Mahuta ta rubuta layi ɗaya, ta ce ta gani, ta kuma nuna wa mahaifiyarta. Ranar Asabar ta gaba na riga maigida ɗaukar jakar kyamara, na ce ya sake nuna mini yadda ake daidaita mutum a tsakiya.