Muryar Kaka a katin Kawu

Shekarun baya, ina aji biyu a fannin informatik, wato ilimin kwamfuta, a jami'a nan Damagaram, Allah ya yi wa kakata rasuwa. Lokacin kuwa kaina ya kumbura. Na iya rubuta 'yan layuka da Python, wani yaren ba kwamfuta umarni, sai nake tafiya a Kara-Kara kamar ni na kawo wa unguwar kuran, wato wutar lantarki.

Ranar sadakar arba'in kawuna ya zo daga Dakusa da 'yar wayarsa. Ashe a watannin ƙarshe da Kaka ta yi a wurinsu, matarsa ta riƙa ɗaukar muryarta: waƙoƙin niƙa da Barbarci, da labarin yadda iyayenta suka taso daga Barno. Babu muryar nan a ko'ina sai a katin memwar na wayar. Kawu ya zare katin ya miƙa wa mahaifiyata, ita kuma ta miƙo mini.

"Ka kwashe mini a injinka," in ji ta. "Yanzu ba zan iya ji ba, zuciyata ba za ta ɗauka ba. In na ɗan samu kaina sai ka kunna mini."

Kawu ya ce zai karɓi abinsa ran Alhamis in ya shigo kasuwa.

Aikin bai wuce a soka kati a ja fayiloli a sauke ba. To amma a makon ne aka koya mana ceksam, wato lissafin da ke karanta fayil ya fitar da wata lamba. In ka kwafa ka sake lissafawa lambar ta zo daidai, ka san ko ƙwaya ba ta zube a hanya ba. Na ce ai muryar Kaka ta fi ƙarfin kwafin 'yan cajin waya na kasuwa. Sai na rubuta nawa shirin, wanda zai kwafa ya kuma tantance. Kafin nan ma ba zan taɓa katin ba. Na naɗe shi a takarda na sa a aljihun jakata.

Shirin yana buƙatar wani bibliyotek, lissafin da wasu suka riga suka rubuta, kai kuma ka sauko da shi ka kira shi. Nan na gane kurena. Na ba da umarnin saukowa, allo ya cika da jan rubutu, wai sai da wani kayan haɗi da babu a injina. Na tafi siber, shagon intanet, koneksiyon ya tsinke ana dab da gamawa. Da ƙyar ya shiga. Na rubuta import, umarnin kiransa, injin ya ce bai san mai wannan suna ba. Ashe Python biyu ne a ciki, na zuba a ɗaya ina kira daga ɗaya. Na gyara wannan, kira ya amsu, amma duk aikin da na nema sai a ce babu shi.

Mahaifiyata ta leƙo ɗakina ran Laraba. "An gama?"

"Ai kamar an gama, Inna."

A bakina ma'anarsa saura ƙiris. A kunnenta kuwa an gama.

Alhamis na ɗauki injin, na bar jakar a ɗaki, na tafi wurin abokina, ɗan ajinmu da ya fi ni haƙurin karanta jan rubutu. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya.

"Kai mutumina, wane suna ka raɗa wa fishiyenka?"

Na duba. Sunan bibliyotek ɗin sak na sa wa fayil ɗina.

"To takwara ka yi masa a cikin gida. Duk ka ƙwala kira, na kusa ne ke amsawa. Kanka kake ta kira tun ran Lahadi."

Ya canza sunan, shiri ya tashi garau. Na dawo gida ina murmushi, na laluba jaka, babu kati. Kawu ya zo bayan fitata, Inna ta ciro ta ba shi da godiya.

Ban ma damu sosai ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Na bari sai da na samu sarari ƙarshen mako sannan na hau mota zuwa Dakusa. Na tarar da Kawu a ƙofar gida yana gyaran hauya, wa'azi na tashi daga wayarsa.

"Kawu, katin nan na zo ku ƙara ara mini."

"Wane? Ai uwarka ta ce ka kwashe. Tun a kasuwa na ba mai caji ya wanke shi ya cika mini da tafsiri."

Na karɓo shi duk da haka. Ni da abokina babu dabarar da ba mu gwada ba, amma sabon ya riga ya hau kan tsohon. Garin neman gira na rasa ido.

Da na faɗa wa mahaifiyata ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Sai kawai ta ce, "Allah bai nufa ba. To kai da ka ji, me ta ce? Wace waƙa ta yi?"

Na sunkuyar da kai. Duk kwanakin nan muryar Kaka tana cikin jakata, ina ta kokawa da import, ko sau ɗaya ban soka katin na saurara ba.

Yau da wannan sana'ar nake ci, kuma ceksam nakan saka shi cikin aiki kafin shayi ya huce. Duk abin da aka ba ni amana, kafin in yi wata gwaninta sai na fara kwafe shi wuri biyu, ko da kwafin 'yan caji ne. Amma koyon bai rage mini komai ba. Mahaifiyata ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma har gobe ban san amsar tambayarta ba.