Fitilar Rijiyar Kubura

Malam Dabo mai yasar rijiya ne a Ƙofar Durbi, kamar ubansa da kakansa. A bayan gidansu akwai tsohuwar rijiya da ake kira Rijiyar Kubura, sunan kakarsa da ta fara bai wa masu ƙuraje da ƙaiƙayi ruwanta kyauta. Burtsatse ya cika unguwa, amma har yau mata na tasowa daga unguwar Kambarawa da galan ɗinsu.

Duk shekara kafin damina ake yashe ta. Dabo bai taɓa shiga ba sai ya kunna fitilar ƙwai ya zura ta da igiya. In ta kai ƙasa tana ci, ya sauka. In ta mutu, ya naɗe igiyarsa sai wani jiƙon. Da an tambaye shi dalili sai ya murtuke fuska ya ce izinin aljanu masu rijiyar yake nema. Alhali iskar ƙasan yake gwadawa, don inda wuta ta kasa ci, mutum ma ba ya numfashi. Sai dai Dabo akwai son a riƙa jin tsoronsa. Ko ɗansa Sagir, magidanci mai 'ya'ya uku, bai taɓa faɗa wa gaskiyar ba.

Bana ciwon gwiwa ya hana shi sauka, aikin ya koma kan Sagir. Ranar yasa Dabo ya tafi jana'iza da hantsi, ya ce a jira shi. Yana dawowa ya tarar da maƙwabcinsu Mati da wasu maza riƙe da igiya, mata sun yi cirko-cirko.

"Ina Sagir?"

"Shina ciki, Baba," in ji Mati. "Mun nemi izini, fitila ba ta mutu ba."

Dabo ya leƙa. Can ƙasa wani farin haske ke kallonsa. Fitilar caji ce suka zura! Ita kuwa ko babu iska ba ta mutuwa. Ya ƙwala wa Sagir kira har sau uku, shiru.

"Ku ja! Don Allah ku ja!"

Igiyar da ke ƙugun Sagir ta yi nauyi kamar buhun gero. Dabo ya manta da gwiwa, ya kama, tafin hannunsa ya saluɓe. Suka fito da shi kai a langaɓe. Wata mata ta miƙo ruwan rijiyar a shafa masa, Dabo ya ture galan ɗin.

"Iska yake so! Ku matsa!"

Suka yi ta fifita. Da ƙyar Sagir ya ja numfashi, ya sarƙe da tari.

Dabo ya kunna fitilar ƙwai, ya zura ta a gaban kowa. Ko rabi ba ta kai ba ta mutu.

"Kun gani? Babu wani izini. Iska ce nake gwadawa tun farko."

Sagir na kwance a ƙasa, ya ɗago ido.

"Shekara ashirin ina riƙe maka igiya, Baba. Mi ya hana ka faɗa mani?"

Dabo ya sunkuyar da kai, ya shiga naɗe igiyar fitilar.