Kwakwar Hirabai a Jirgin Hutu

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a kasuwar Wesawe, unguwarmu ta masunta a gefen Mumbai, ya san Hirabai Tandel. In bai san sunan ba, ya san muryar. Ita ce mai zama kusa da famfo, fure a gashi, sarƙar zinariya mai kauri a wuya, wuƙa a hannu. Ka yi mata tayin rainin wayo, sai ta ƙare maka kallo daga takalmi har kai, sannan ta tambaye ka ko sadaka ka fito nema. Shekara arba'in da ɗaya tana wannan sana'a. Asuba tana bakin gaɓa tana cacar baki da masu jirage, hantsi tana kasuwa, la'asar tana shanya kifi a kan gora. Da wannan wuƙar ta yi wa 'ya'yanta maza biyu aure, ta kai autarta Mangal makarantar jinya.

Amma fa duk ƙarnin kifin da ke jikinta, ƙafarta ba ta taɓa taka jirgi ba. A gidansu maza ke fita teku, mata ke sayarwa. Mijinta Moreshwar ya yi shekara talatin da biyar yana fita yana dawowa, har bara waccan ya rasu a kan gadonsa, 'ya'yansa na kewaye da shi. Mu a nan Sarki muke ce wa teku, kuma ba a shiga gidan Sarki hannu rabbana. Kowace shekara in damina ta ja baya, Hirabai kan naɗe kwakwa da takardar zinariya, ta miƙa wa Moreshwar ya kai can tsakiyar ruwa ya ba Sarki. Ita dai iyakarta bakin yashi.

To ana nan sai Mangal ta zo da takardun tafiya. Wai ta biya musu su biyu a irin manyan jiragen hutun nan masu tashi daga Mumbai zuwa tsibiran Lakshadwip, kuma akwai yini guda cur da jirgin ba zai tsaya ko'ina ba.

"A yi me a ciki?" in ji Hirabai.

"A huta, Ayi. A ci, a kwanta, a kalli ruwa," in ji Mangal. Mu a nan Ayi muke ce wa uwa.

"Ruwan da nake kallo kyauta tun ina goye?"

Ta yi masifarta son ranta, ta faɗa wa duk kasuwa cewa yarinyar nan ta haukace. Amma a ɓoye ta zaɓi kwakwa mafi nauyi, wadda ruwanta ke kaɗawa in an girgiza, ta kwana biyu tana naɗe ta da takardar zinariya da zare ja. Ta ƙudura a ranta cewa tunda Allah ya sa za ta shiga gidan Sarki da ƙafarta, da hannunta za ta miƙa masa godiya, don ya dawo mata da miji duk waɗannan shekaru.

Ranar yinin teku, gari ya waye tas. Ruwa ya kwanta shuɗi, iska na kaɗawa a hankali, ana kiɗa mai sanyi a saman jirgin. Wasu na miƙe-miƙen jiki a kan tabarmi, wasu sun riga sun kama kujerun kwanciya a gefen wurin wanka. Hirabai ta fito da jakarta a hammata, ta nufi ƙarfen gefen jirgi kai tsaye, Mangal na biye da ita.

"Ayi, mene ne a jakar nan? Tun jiya kin ƙi ajiye ta."

Ta buɗe mata. Mangal ta ga zinariya na walƙiya, ta dafe kai.

"Wayyo ni! Ayi, kin ga allon can? An rubuta an hana jefa komai a ruwa. Komai fa! Wanda aka kama, a tasha ta gaba za a sauke shi. Ga na'urar ɗaukar hoto can tana kallonmu."

"Jefawa? Wa ya ce miki jefawa zan yi? Bayarwa zan yi."

"Su duk ɗaya ne a wurinsu."

"To su marasa tarbiyya ne."

Mangal ta lallaɓa ta zuwa ɗakin cin abinci, ko ƙamshi zai mantar da ita. Kai, abinci kam an zuba shi! Layi-layi, na Kudu da na Arewa, waina mai zafi, soyayyen kifi, 'ya'yan itace an yanka su kamar fure. Hirabai ta zagaya sau biyu, ta danna wani kifi da bayan cokali, ta gaya wa mai dafawa cewa wannan ya kwana huɗu a ƙanƙara, kada ma ya yi mata gardama. Amma ko lomar shinkafa ba ta sa a baki ba.

"Ban gaida mai gida ba, in zauna ina cin abinci a gidansa? Haka na koya miki?"

"Ayi, don Allah. Ranar nan guda ɗaya na roƙe ki."

Hirabai ta dubi Mangal. Ta san yarinyar ta daɗe tana aikin ƙarin lokaci a asibiti saboda wannan tafiya. Abin ya taɓa mata zuciya ƙwarai, sai dai yaya za ta yi? Ba za ta ɓata wa 'yarta rana da gangan ba, ba kuma za ta koma Wesawe da kwakwar Sarki a jaka ba.

Suka hau sama suka samu kujeru biyu. Mangal ta kwanta, Hirabai ta ɗosana a bakin tata, jaka a cinya, kamar mai jiran mota. Tana kallon manyan mutane da tumbinsu a waje suna tsalle a ruwa, tana girgiza kai. Wani saurayi mai makirfo ya zo yana kiran iyaye mata su fito gasar rawa, ta yi masa kallo ɗaya ya wuce gaba. Aka zagayo da lemo mai 'yar laima a bakin kofi, ta ce a kai kasuwa. Har rana ta take, bakinta bai ga komai ba sai yawu.

Can Mangal ta gaji da lallashi, ta ce bari ta ɗan shiga ruwa. Tana juya baya Hirabai ta miƙe. Ta bi gefen jirgin har ta samu wani lungu inda babu mutane, ta fito da kwakwar, ta ɗaga ta da hannu biyu, ta leƙa. Ina ruwa? A tunaninta jirgi jirgi ne, ka miƙa hannu ka taɓa teku kamar na Moreshwar. Nan kuwa hawa goma ne. Daidai ƙasanta kwalekwalen ceto ne a rataye, ƙasa da shi kuma wani bawan Allah mai sanƙo ya leƙo daga barandar ɗakinsa yana shan shayi hankali kwance.

"Mawshi, in kika sake ta, wancan ba zai ƙarasa shayinsa ba."

Ta juyo a fusace don ta ga mai kiranta Mawshi, wato inna. Wani dattijo ne cikin shuɗin kayan aiki, gwangwanin fenti a hannu, gemunsa ya yi fari. Sunansa Bhiku, shi ne babba a kan ma'aikatan da ke kula da igiyoyi da jikin jirgin.

"Kai kuma wa ya aiko ka? Ka je ka kai ƙarata, su sauke ni. Ai na iya hanyar gida."

Kwakwar yake kallo. Ya ajiye gwangwanin, ya goge hannu a wando, ya taɓa zaren da ɗan yatsa.

"Ƙulli bakwai," ya ce. "Haka uwata ke yi. Ni ɗan Harnai ne, can bakin teku, ubana masunci ne. Ta wa ce?"

Tsiwar ta zube. Ta gaya masa komai, da Moreshwar da shekarun, da 'yarta da ke can sama ranta a ɓace. Ya saurara har ta gama.

"Doka dai gaskiya ce, Mawshi, ba don wulaƙanci aka yi ta ba. Mutum dubu biyu, kowa ya jefa abin da ya ga dama, me zai rage wa Sarki? In kina so, akwai injin da ke niƙa ragowar abinci ya zuba a ruwa in mun yi nisa. Sai in sa miki ita a ciki."

"Da ƙashin kaza? Da sauran miyar mutane? Kai anya ɗan masunci ne kuwa?"

Ya fashe da dariya har yana riƙe ƙarfe. "Gwada ki nake yi. Tsaya nan, kada ki motsa, kada kuma ki kashe mini kowa. Bari in ga mataimakin kyaftin."

Ya daɗe bai dawo ba. Kafin nan Mangal ta iso a guje, gashi na ɗigar ruwa, ta zagaye jirgin sau biyu tana nema. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ga Bhiku da makulli a hannu.

"An yarda. Can baya, inda muke ɗaure igiya, kusa da ruwa. Ni zan raka ku. Amma da sharaɗi ɗaya: takardar nan da zaren ba za su shiga teku ba. Kwakwa zalla."

Hirabai ta ƙanƙame ta a ƙirji. "Tsirara zan ba shi? Kwana biyu na yi ina naɗi!"

"Kifi ke haɗiye takardar, Mawshi. Gobe a kawo miki shi kasuwa."

Nan ta tuna ta sha fafe cikin kifi ta tarar da leda. Ta yi tsaki, ta zauna a ƙasa ta kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ta ɓare zinariyar a hankali kada ta yage, ta miƙa wa Mangal.

Suka yi ta sauka a matakalar ƙarfe har suka fito wani wuri mai warin mai, igiyoyi masu kaurin cinya a naɗe a ƙasa. Nan babu kiɗa. Ruwa na nan kusa, yana tafasa fari a bayan jirgin, feshinsa na taɓa fuska. Hirabai ta cire takalmi ta matsa. Ta duba dama, ta duba hagu.

"Ina ƙasa?"

"Babu," in ji Bhiku. "Sai gobe da safe."

"Nan masunta suke zuwa?"

"Har gaba da nan. A jirgin da bai fi tsawon waccan igiyar ba."

Ta daɗe a tsaye. Duk addu'ar da ta haddace tun daga gida ta gudu daga kanta. Abin da ya zo mata kawai shi ne safiyoyin da Moreshwar ya dawo da kwandon da bai cika ba, ita kuma ta tare shi a bakin yashi da masifa, tana tambayarsa ko barci ya je yi.

"Mangal," ta ce, "ashe nan ubanki yake zuwa, ni ina can ina zaginsa a kan kifi."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta ɗora kwakwar a goshi, ta sunkuya iyakar sunkuyawarta, ta sake ta a hankali.

"Ga shi, Sarki. Ba ado, haka suka ce. Ka dawo mini da shi kullum, na gode. In kuna haɗuwa ka ce masa ban sani ba ne."

Kwakwar ta nutse, ta taso, ta yi ta rawa a kan kumfa har ta ɓace musu. Bhiku ya haɗa tafin hannu a ƙirji. Hirabai ta fyace hanci da bakin mayafi, ta sa takalmi, ta dubi 'yarta.

"To me muke jira? Yunwa za ta kashe ni."

Ranar ta ci faranti uku, har da kifin da ta kushe, tana ci tana cewa da gishiri ya ji da ya fi haka. Ta sha lemo mai laima, ta soke laimar a gashi kusa da furen. Da saurayin makirfo ya sake zagayowa ta miƙe ta ɗaure bakin zane, ta nuna musu rawar matan Wesawe har ma'aikata suka bar aiki suna tafi.

Da la'asar ta koma kujerarta, ta miƙe ƙafa sosai, ta ce kada wanda ya tashe ta ko jirgin zai kife. Mangal ta zauna a ƙarshen kujerar. Sai ta lura da tafin ƙafar uwarta, duk faso, gishiri ya cinye shi fari fat. Shekararta ashirin da tara, ta wanke ƙafafun marasa lafiya ba iyaka, amma ba ta taɓa ganin tafin wannan ba, don kullum yana ƙasa. Ta jawo man shafawa daga jaka, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta fara murzawa a hankali.

"Ɗayar ma," in ji Hirabai, ido a rufe.