Kawu da Ƙusoshin Salansa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi a gareji guda, kuma da aiki ɗaya aka san shi: cire ƙusar da ta karye a jikin injin. A inda bututun salansa, wato mafitar hayaƙin mota, ya kama injin akwai ƙusoshi masu noti. Zafi da tsatsa sukan cinye su, makanike ya sa sifana ya murɗa, sai ka ji ƙas, rabin ƙusar ya maƙale a ciki. Nan ake kiran Kawu.

Ba ya gaggawa. Zai jiƙa wurin da mai, ya gasa shi da wutar gas har ya yi ja, ya ɗora noti a kan guntun ya kama shi da walda, sannan ya riƙa lallaɓawa, gaba kaɗan, baya kaɗan, kamar mai cire wa jariri ƙaya. Abokan aikinsa suna yi masa tsiya wai ya fi tausayin ƙarfe a kan matarsa. Matar tasa, wadda muke kira Inna, ta ce ai ba ƙarya suka yi ba.

Waldar ce ta ci masa ido. Gilashin kariya ɗaya ne a garejin, shi ma ya fashe, kullum mai garejin sai ya ce gobe za a sayo. Har mai garejin ya rasu goben ba ta zo ba. Ɗansa, wanda Kawu ya sha saɓawa a kafaɗa yana ƙarami, shi ya gaji wurin.

Wata rana aka kawo tsohuwar motar wani ɗan kasuwa. Ƙusar ta karye can ciki, inda walda ba ta kaiwa, sai dai a huda ta. Kawu ya roƙa a turo motar waje inda akwai haske. Ɗan mai garejin ya ce mai mota sauri yake, a yi a nan cikin rumfa. Kawu ya kafa injin huda. Bakin ya kauce bai fi faɗin ƙwayar gero ba, sai ga ruwa yana tsiyaya daga cikin injin motar.

A gaban kowa ɗan mai garejin ya ce, “Baba, in idon ya ƙare ka faɗa mana, ka daina lalata wa mutane dukiya.”

Makanikai shida ne a tsaye, babu wanda Kawu bai taɓa rufa wa asiri ba. Ko ɗaya bai buɗe baki ba. Kawu ya goge hannu, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya tafi. Kafin mako ya zagayo an laƙaba masa suna Mai Rijiya, wai ya haƙo ruwa a injin.

Bayan wata biyar, ɗaya daga cikin shidan ya zo gida da kan injin wata mota a cikin buhu, ƙusa ta karye a jikinsa. Ya durƙusa ya ce sun yi kwana uku a kai sun kasa, a taimaka, amma kada maigida ya ji. Inna ta ce ya kwashe kayansa. Kawu ya ce a bari. A tsakar gida ya zauna, yana lalube da yatsa, hawaye na zubo masa saboda hasken rana, har guntun ya fito lafiya lau. Ranar ya ci abinci sosai, har da neman ƙari.

Daga baya muka ji ɗan mai garejin yana nuna wa mutane guntun, yana cewa tun da ya sallami tsofaffi aiki ya gyaru.

Ni na kai wa Kawu labarin, kuma har yau ina da-na-sani. Ya sa Inna ta tura akwatin ƙarƙashin gado. Yanzu a ƙofar gida yake wuni, in mota ta wuce salansarta tana ɓarin hayaniya sai ya juya mata baya.